Waiwaye: Shekarun Da Naira Ta Fi Dala Ƙarfi, Da Abin Da Suka Bar Mana

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka haɗe farashin canji na hukuma aka bar kasuwa ta yi halinta, zancen dala bai bar bakin mutane ba. Kafin wannan wata ana sayar da ita kusan naira 460 a hukumance, cikin 'yan kwanaki ta kai 750, zuwa Fabrairun 2024 kuma ta haura 1,500. Mai shago ya ji a jikinsa, maniyyaci ya ji, uwargida ma ta ji a kuɗin cefane. Wasu na ɗora laifin kan matakin da aka ɗauka a wannan wata, wasu kan 'yan canji, dattawa kuma sukan ce komai ya fara ne daga 1986. Ni dai ina ganin ruwan nan ya fara tsami tun kafin duk waɗannan, a lokacin da kowa ke tunawa da shi a matsayin zamanin daɗi.

Canjin kuɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana musanya dalar azurfa ɗaya da wuri kusan 2,500, kuma har yau a Maraɗi da Damagaram sefa biyar ake kira dala. Turawa suka zo da fam da sule da sisi, waɗanda aka ɗaure su da fam ɗin Ingila. A 1944 ƙasashe 44 suka taru a Bretton Woods ta Amurka suka ɗaure kuɗaɗensu da dala, ita kuma dala aka ɗaure ta da zinari, dala 35 kowane oza. Ranar 15 ga Agustan 1971 Amurka ta daina ba da zinari a madadin dala, zuwa Maris na 1973 manyan kuɗaɗen duniya suka koma hawa da sauka bisa ciniki. Daga nan kasuwar canjin kuɗi ta duniya ta bunƙasa har aka ƙiyasta cinikin dala tiriliyan 7.5 a kowace rana a 2022.

A farkon wannan shekara ta 1973, ranar 1 ga Janairu, aka haifi naira, naira biyu a bakin fam ɗaya. Ta zo da ƙarfinta: kobo 65 ko kusa da haka ya ishe ka sayen dala ɗaya, zuwa 1980 ma kobo 55. Nan ne nake so mu tsaya, domin masu ba da labarin naira sukan tsallake shekarun 1973 zuwa 1976 da gudu, alhali a cikinsu ne aka kammala canza wanda ke kawo wa ƙasar kuɗin waje.

Kafin lokacin, hannaye masu yawa ne ke samo su. Manomin gyaɗa na Kano da Katsina, mai auduga na Funtuwa da Gusau, mai ƙiraga da fatun Sakkwato, mai koko na Yamma, mai manja na Gabas, kowa da gudummawarsa. A farkon shekarun 1960 amfanin gona ne mafi yawan abin da Nijeriya ke fitarwa, kuma babu ƙasar da ta kai ta sayar da gyaɗa a kasuwar duniya. Buhunan da aka jera suka zama dalar gyaɗa a Kano, jirgin ƙasa na kwasarsu zuwa Ikko, su ne fam da dalar da ake biyan kuɗin injuna da magunguna da su. Idan farashin koko ya faɗi, gyaɗa na iya riƙe ƙasa. Idan damina ta yi gardama a Arewa, Kudu na nan.

Sai abubuwa uku suka haɗu cikin ɗan lokaci. Fari ya auka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974, ya kashe dabbobi, ya cinye irin shuka. A ƙarshen 1973 farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. Sannan a daminar 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, mai tsuke ganyen gyaɗa ta hana ta 'ya'ya, ta lalata gonaki kusan hekta 700,000 a Arewa. Manomi da yawa bai sake shuka gyaɗa don sayarwa ba, ya koma gero da dawa, abin da zai ci.

Fari da cuta suna wucewa, gona ta farfaɗo. Abin da ya hana gyaɗa dawowa shi ne lissafin canji. Kuɗin mai ya cika gari, aka shiga gine-gine da ɗaukar ma'aikata, kaya suka yi tsada har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 1975. Amma farashin dala bai motsa sama ba, ƙasa ma ya yi. Ka ɗauki manomin da gyaɗarsa ta samu dala 100 a waje: abin da za ta zama a gida naira sittin da ɗoriya ne, bara haka, bana haka, alhali kuɗin ɗan ƙwadago da na sufuri da na sutura sun yi sama. Ɗansa kuwa yana ganin leburan gini a birni ya fi shi samu, sai ya ɗauki jakarsa. A ɗaya ɓangaren, wanda ke da naira sittin ɗin nan zai iya sayo kayan dala 100 daga waje. Shinkafar waje da alkama da madara da atamfa suka fi na gida araha. Shinkafar da ake shigowa da ita, wadda ba ta taka kara ta karya ba a farkon shekarun 1970, ta kai dubban ɗaruruwan tan kafin ƙarshensu. Ƙasar da ke sayar wa duniya gyaɗa ta koma sayo man girki.

Babu wanda ya yi kuka a lokacin, shi ya sa aka manta. Ma'aikaci ya sayi babur da rediyo, aikin hajji ya yi sauƙi, ɗalibi a Landan yana canza naira yana samun rara. Amma zuwa tsakiyar shekarun 1970 mai ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake fitarwa. Masu kawo dala sun koma famfo guda, masu nemanta kuma sun zama kowa da kowa. Indunusiya, wadda ita ma ke da mai, ta rage darajar kuɗinta a 1978 don kare sauran kayan da take fitarwa, ta kuma kai ga ciyar da kanta da shinkafa a 1984.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Farashin mai ya fara sauka daga 1981, dala ta yi ƙaranci, aka koma rabon ta da lasin shigo da kaya. Wanda bai samu ba sai ya nemi ta bayan fage, inda a 1985 ake sayar da ita ninki uku ko fiye na farashin hukuma, wanda bai kai naira ɗaya ba. 'Yan canjin Wapa a Fagge, da suka saba da riyal ɗin alhazai da sefar fataken Nijar, suka zama wurin da ake jin ainihin farashi. A Satumban 1986 aka buɗe gwanjon dala, ta haura naira 4 a zaman farko. A 1989 aka fara ba wa shagunan canji lasin. Daga 1995 zuwa 1998 farashin hukuma na kan naira 22 yayin da kasuwa ke cewa 80 da wani abu. A Yunin 2016 aka tashi daga 197 zuwa kusan 280, a 2017 aka buɗe wata kafar canji ta musamman ta masu zuba jari da masu fitar da kaya. Tsare-tsaren sun bambanta da suna, kowanne kuma ya zo ne bayan kuɗin mai sun ja baya.

A 'yan shekarun nan riɗi da zoɓo da citta da ƙwarar kaɗanya suna fita daga kasuwar Dawanau ta Kano zuwa ƙasashen waje, 'yan ƙasa mazauna ƙetare kuma suna aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara. Duk da haka, mai da gas ne har yanzu ke kawo mafi yawan abin da ake samu daga fitar da kaya, kamar yadda yake tun shekarun 1970.