Kawar da ciyayi kafin dasa ciyawar ado

Kawar da ciyayi kafin dasa ciyawar ado aiki ne na share fili da kashe duk tsiron da ba a so, haɗe da saiwarsa da irinsa da ke kwance cikin ƙasa, kafin a dasa gajeriyar ciyawar nan da ake askewa a harabar gida, makaranta, masallaci ko filin ƙwallo. Ana yin sa tun fili yana fayau, domin da zarar ciyawar ado ta kama, fartanya ba ta da wurin shiga, kuma yawancin magungunan da ke kashe haki ita ma ba za su bar ta ba. A Kumasi ta ƙasar Gana, inda ruwan sama ke kai kimanin milimita 1,400 a shekara, filin da aka share da damina ba ya yin wata guda bai sake yin kore shar ba, shi ya sa masu lambu a garin ke ɗaukar wannan mataki a matsayin mafi cin lokaci a dukan aikin.

Filin da ake aiki a kai

A tsofaffin unguwannin zango irin su Aboabo, Asawase da Sawaba, tsakar gida siminti ne ko daɓe, ciyawar ado ba ta da gurbi sosai. Inda ake ganin ta shi ne sababbin gidajen bayan gari, makarantu, otal-otal, harabar jami'ar KNUST da wuraren shaƙatawa kamar Rattray Park da aka buɗe a 2015. Da yawa daga cikin masu lambu da leburan yini da ke wannan aiki 'yan arewa ne, kuma da Hausa suke ciniki da junansu.

Filin sabon gida yawanci gona ce ko saura da aka yanka fuloti, sannan magina suka yi shekaru suna tattake shi. Idan aka kafa diga, abin da ke fitowa shi ne ɓaraguzan bulo, busasshen kwaɓin siminti, ƙusoshi, da ledojin ruwan sha birjik. Dole a tsince su tukuna. Wurin da aka kwaɓa siminti a ƙasa yakan zama dandali mai tauri da ruwa ba ya ratsawa, kuma ko bayan shekara ciyawar da ke kansa ita ce farkon yin ja idan rani ya shigo.

Ire-iren ciyayin

Abin da ke raba ciyayi a wannan aiki shi ne hanyar da kowacce ke dawowa bayan an cire ta.

Akwai masu dawowa ta iri kaɗai, irin su tuji, harkiya, guɗe-guɗe da nonon kurciya. Waɗannan saiwarsu ba ta da nisa, sara ɗaya ya ishe su. Matsalarsu tarin irin da suka zubar shekara da shekaru, wanda ke jiran haske da laima. Mafi yawan irin da ke tsirowa yana cikin santimita biyar na saman ƙasa ne, na ƙasa da haka barci yake yi har ranar da kaftu ya juyo da shi sama.

Sai masu dawowa ta ƙarƙashin ƙasa, kuma su ne ainihin ciwon kai. Ta farko aya-aya (Cyperus rotundus), 'yar'uwar aya da kajiji, wadda masana ciyayi ke sa wa a sahun gaba na miyagun ciyayin duniya. Ana gane ta da kara mai kusurwa uku idan aka murza shi tsakanin yatsu. A ƙasa tana da baƙaƙen ƙwayoyi masu ɗaci, jere a kan siririyar jijiya kamar carbi, galibinsu a cikin santimita 15 na sama. Muddin jerin yana haɗe, ƙwaya ɗaya ko biyu ne ke tsirowa, sauran suna kwance. Da fartanya ta tsinka jijiyar, kowace ƙwaya sai ta farka ta fitar da nata ganye. Wannan ne dalilin da ya sa filin aya-aya ke ƙara cika bayan noman farko, har maigida ya zaci leburan sun yi masa ha'inci.

Tofa (Imperata cylindrica) tana tafiya da fararen jijiyoyi masu tsini a ƙarƙashin ƙasa, tsinin da ke huda tafin ƙafa, yana kuma huda doya a gona. Guntun jijiyar da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba yana iya zama sabon tushe, kuma wuta ba ta yi mata komai sai ƙara mata ƙarfi, don ganyen kaɗai ke ƙonewa. Balasa kuwa karanta ruwa ne da shi, idan aka tara ta a gefe a kan ƙasa mai laima sai ta kafa saiwa daga gaɓoɓinta ta ci gaba da rayuwa. Ƙiri-ƙiri (Cynodon dactylon) lamarinta daban ne, domin ita kanta ciyawar ado ce da ake shukawa a filayen ƙwallo, amma idan ta kutsa cikin wata ciyawar da aka dasa, raba su sai dai haƙuri.

A yankin Ashanti ba a rasa acamfon (Chromolaena odorata) a duk filin da aka bari. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, ta bazu a Gana a shekarun 1970, aka laƙaba mata sunan Janar Acheampong da ya yi mulki daga 1972 zuwa 1978. Sara da adda ba ya kashe ta, sai an tumɓuke kututturen.

Aikin hannu

Ana fara sassabe da adda, a kwashe abin da aka sare a fitar da shi daga filin, musamman idan ya riga ya yi 'ya'ya. Daga nan sai kaftu da diga ko babbar fartanya zuwa zurfin santimita 20 ko 30, ana farfasa hoge ana tsince jijiyoyi da hannu a zuba a baro. Inda aya-aya ta yi yawa a ƙaramin fili, wasu kan tankaɗe ƙasar da ragar waya da aka kafa a katako, irin wadda magina ke tace yashi da ita. Aiki ne mai cin rai, amma a fili ɗan ƙarami babu abin da ya kai shi.

Rana ma ma'aikaciya ce a nan. Ƙwayar aya-aya da jijiyar tofa suna mutuwa idan suka bushe ƙayau, saboda haka kaftun da aka yi da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, aka bar hogen a buɗe ana juya shi duk bayan mako ɗaya ko biyu, ya fi na damina amfani nesa ba kusa ba. Injin da ke niƙe ƙasa da haƙora masu juyawa yana sa fili ya yi kyaun gani a yini guda, sai dai a filin tofa da aya-aya yankawa yake yi yana rarrabawa.

Tayar da iri a kashe shi

Bayan an baje fili da manjagara an daidaita shi, ana ba shi ruwa kamar an yi shuka, a jira kwana goma zuwa mako biyu. Ƙananan tsirrai za su fito kamar gashi. Sai a kankare su sama-sama da fartanya da hantsi, rana ta ƙarasa su. Sharaɗin shi ne kada fartanyar ta nutse, don zurfafawa sabon iri take fitowa da shi. Zagaye biyu ko uku na rage ciyawar da za ta fito daga baya ƙwarai. A nan ne aka fi samun saɓani tsakanin mai lambu da maigidan da ke son ganin kore kafin biki ko salla, ka ji mai lambu yana cewa, “Alhaji, a ƙara mata sati biyu.” Galibi shi ke da gaskiya.

Rufi da leda

Ana jiƙa ƙasa, a shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, a binne bakinta, a bar ta mako huɗu zuwa shida a lokacin zafi. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashinta yana kashe irin da ke sama. Masu bincike a Isra'ila ne suka fito da dabarar a 1976. Tana son rana mai ƙarfi, don haka watannin Fabrairu da Maris sun fi dacewa, kuma ta fi yin aiki a Akara, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 800 ba, a kan Kumasi mai yawan hadari. Aya-aya kam ba kasafai wannan dabarar ke gamawa da ita ba.

Maganin feshi

Wanda aka fi amfani da shi shi ne gilaifoset, da kamfanin Monsanto ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup, yanzu kuma yana zuwa da sunaye barkatai a shagunan kayan noma na kasuwar Kejetia a Kumasi. Ta ganye yake shiga, ya gangara har saiwa, ya toshe hanyar da tsiro ke haɗa wasu sinadaran gina jikinsa. Daga wannan ne ƙa'idojinsa suka fito. Ana fesa shi a kan ciyawa mai ɗanyen ganye da ke cikin girma, don haka wanda ya sassabe fili sai ya jira ta sake tohowa. Fesa shi a kan ƙasa tsirara asarar kuɗi ce, don laka na kama shi ta kashe ƙarfinsa, kuma ba ya taɓa irin da bai tsiro ba. Saboda lakar nan ne ma ruwan kwata ko na rafi mai dauɗa bai dace da haɗi ba. Ruwan sama da ya sauko cikin 'yan sa'o'i bayan feshi yana wanke shi. Ciyawar takan fara yin rawaya bayan kwana huɗu zuwa bakwai, kuma ba a kafce filin sai ya kai kwana goma zuwa mako biyu. Tofa da aya-aya sukan buƙaci feshi na biyu.

Farakwat, wani maganin feshin, yana ƙone ganye cikin yini ɗaya ko biyu, abin da ke burge mai gaggawa, amma ba ya kai wa saiwa. Guba ce mai tsanani wadda kurɓi kaɗan ke kisa kuma ba ta da makari, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita tun 2007. Magungunan da ke hana iri tsirowa, irin na gonar masara, suna daɗewa a ƙasa har su cuci abin da za a dasa. Gishiri da baƙin mai da wasu ke zubawa ƙasar suke kashewa gaba ɗaya.

Game da lafiya, a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilaifoset cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo ciwon, yayin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ba ta ga haka ba idan an bi ƙa'ida, Tarayyar Turai kuma ta sabunta izininsa na shekara goma a 2023. A Gana hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ce ke yi wa magungunan feshi rajista. Ana bin ma'aunin da ke jikin kwalba, a sa takalmin roba, safar hannu da abin rufe hanci, a yi feshi da safe kafin iska ta taso. Akwai haɗarin da ya shafi zango musamman: samari masu yankar ciyawa don raguna, balle gab da babbar salla, ba sa bambance filin da aka fesa jiya da wanda ba a fesa ba, don ganyen yana nan kore. A killace filin ko a sanar da maƙwabta.

Ƙasar tifa da taki

Sau da yawa ciyawar da ke addabar sabon fili da kuɗi aka sayo ta. Baƙar ƙasar da tifa ke kawowa daga fadama ko tsohuwar bola tana zuwa da ƙwayoyin aya-aya da iri kala-kala. Ana duba ta tun tana kan mota, a damƙi ƙasar a murje a tafin hannu, sannan bayan an baje ta a yi mata ban-ruwa da kankara kamar yadda aka yi wa ta asali. Ɗanyen kashin shanu da na tumaki cike yake da irin ciyawar da dabbar ta ci. Kashin kaji, wanda ke da sauƙin samu a gonakin kaji na kewayen Kumasi, bai kai su iri ba, amma yana ƙone saiwa idan bai ruɓe ba.

Lokacin dasawa

A Kumasi babbar damina tana kamawa daga Maris zuwa Yuli, ƙaramar kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Tsarin da ya fi dacewa shi ne kaftu da hunturu, tayar da iri da ruwan farko, dasawa a Afrilu ko Mayu. Yawancin ciyawar ado a Gana dasa ta ake yi da tsinke-tsinke masu saiwa ko a fayafaye, mafi yawa ciyawar kafet (Axonopus compressus) mai faɗin ganye da ke jure inuwa da laima, sai ƙiri-ƙiri a wurin da rana ke duka. Shi ma dashen ana bincika shi, don aya-aya kan ɓuya a cikinsa. Gwargwadon kusancin dashe, gwargwadon saurin rufe ƙasa, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba takan rufe cikin wata biyu zuwa uku da damina. Kafin nan ana bin filin da hannu kowane mako, bayan ruwa, lokacin da saiwa ke fitowa ba gardama. Idan aka fara aski, ciyayi masu miƙewa sama irin su acamfon sukan mutu da kansu, amma tuji da aya-aya suna jure aski, sai dai a bi su da wuƙa ɗaya bayan ɗaya.