Beli ba wanke laifi ba ne

Da zarar an ba wanda ake tuhuma beli, sai ka ji ana cewa "ai ya sha". Ina! Shari'a tana nan daram. Abin da alƙali ya auna kawai shi ne ko mutumin zai dawo kotu, da ko sakinsa barazana ne ga jama'a ko shaidu. Ana iya karɓe fasfonsa, a tilasta masa zuwa wurin jami'in sa ido, ko a ɗaura masa na'urar bibiya a ƙafa.

Kuɗin belin ma jingina ne, ba tara ba. Matsalar, mai hali ya biya ya tafi gida, talaka kuwa ya ci gaba da zaman jiran shari'a a kurkuku. Jihar Illinois ta Amurka ta soke belin kuɗi gaba ɗaya a 2023.