Gadon Tsalle a Tsakar Gida: Abin da Iyaye Ke Tambaya Kafin a Saya da Bayan an Kafa

Gadon tsallen yara, wanda masu sayarwa ke kira tiramfolin, da can sai a filin wasa ranar Sallah ko a harabar makarantun kuɗi ake ganinsa. Yanzu ya fara shiga gidaje a Katsina, musamman sababbin unguwanni masu yalwar fili. Ga tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin iyaye a kansa.

Wai abin wasan yara ne zalla, ko akwai haɗari a ciki?

Asalinsa ba don tsakar gida aka ƙera shi ba. George Nissen, ɗan wasan motsa jiki a Jami'ar Iowa ta Amurka, shi da mai horar da shi Larry Griswold ne suka haɗa na farko a shekarun 1930. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun horar da matuƙa jiragen sama a kansa, kuma tun gasar Olamfik ta Sidni a 2000 ake cin lambar zinare da shi. A duk waɗannan wurare mutum ɗaya ke hawa, mai horarwa na tsaye yana kallonsa. Da abin ya shigo gidaje, sai aka ɗauko gadon aka baro mai horarwar. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2012, ta shawarci iyaye kada su ajiye shi a gida. Shawara ce ba doka ba, kuma yaro yana samun motsa jiki na gaske a kansa, ya fi zaman latsa waya nesa ba kusa ba. Amma mai saye ya san cewa targaɗe, gocewar ƙashi da karaya suna cikin cinikin.

Ni mai raga a kewaye na saya. Ba shi ke nan ba?

Ka yi daidai, kada ma a sayi marar raga. Sai dai raga faɗowa ƙasa kawai take hanawa, kuma ba faɗowa ce ta fi raunata yara ba. Likitocin nan sun ce kusan kashi uku cikin huɗu na raunukan suna faruwa ne lokacin da mutum fiye da ɗaya ke kan gadon. Raga ba ta shiga tsakanin goshin wa da haɓar ƙani. Wani lokaci ma ita ke sa a saki jiki: a zuba yara ciki, a ja zif, uwa ta koma madafa da sunan ai suna cikin tsaro.

To me ya sa biyu ba za su hau tare ba, alhali akwai fili?

Nan ne maganar take. Baƙar shimfiɗar da ake takawa ba ta miƙewa, sifirin da ke zagaye da ita su ne ke miƙewa in nauyi ya danna ta ƙasa, su dawo da ita sama. Idan yaro mai shekara 12 ya diro, shimfiɗar ta lotsa sosai, sannan ta taso da ƙarfin nauyinsa. In aka yi rashin sa'a a daidai wannan lokacin ƙanwarsa 'yar shekara 4 tana saukowa da ƙafa a miƙe, shimfiɗar ba za ta karɓe ta da taushi ba, tarar ta za ta yi tana tasowa, a ɗame. Duk ƙarfin a ƙashin ƙwauri yake ƙarewa, ƙasa da gwiwa kaɗan. Wannan karayar sananniya ce wajen likitocin ƙashi har sun laƙaba mata sunan gadon, kuma an fi ganin ta a yara 'yan shekara 2 zuwa 5. Abin da ke rikita iyaye shi ne yarinyar ba ta faɗo ba, ba ta bugu da komai ba, kuka kawai ta fasa ta ƙi taka ƙafar. An ƙiyasta cewa idan biyu suka hau tare, haɗarin da ƙaramin ke ciki zai iya ninka na babban har sau 14. Uba ma da zai hau da ɗansa don ya riƙe masa hannu, shi ne babban nauyin da ake gudu.

Dokar dai ɗaya ce, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a gidajenmu ita ce ta fi wuyar tsarewa. Turawan da suka rubuta ta gidan yara biyu suke hange. Mu kuwa ga 'ya'yan uwargida, ga na amarya, ga jikoki, ga yaran maƙwabta da ke shigowa ba sallama da zarar sun hango kai yana leƙowa ta saman katanga. A ganina tambayar da magidanci zai fara yi wa kansa, kafin ta kuɗi, ita ce wa zai tsaya a kan layi. Ana son babban mutum wanda yara ke shakkarsa, ba yayarsu 'yar shekara 10 ba. A sa wa kowa minti uku ko biyar da agogon waya, in ya buga a sauko. Ranar suna, ranar biki da ranakun Sallah, da gida ke cika da yaran da ba su san dokar ba kuma manya na can wajen baƙi, a kwance ragar a cire shimfiɗar tun jajibiri. Za a yi kuka, wata gwaggo ma ta ce an yi rowa. Kukan awa ɗaya ne.

Gidan da ya san ba zai iya wannan ba, ya sayi keke da ƙwallo.

Daga shekara nawa yaro zai fara?

Daga 6. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka da likitocin ƙashi na can bakinsu ɗaya a kan haka: ƙasa da wannan ƙashi bai yi ƙwari ba, yaro kuma bai iya sarrafa saukarsa ba. Mai juna biyu ba ta hawa. Babba ya duba nauyin da aka rubuta a kwali tukuna.

Tsakar gidana siminti ne, wani ɓangaren intalok. Ina zan kafa shi?

A auna kafin a saya. Da ƙafa ake faɗar faɗinsa: 8, 10, 12, 14. Mai ƙafa 10 ya kai mita 3. Ƙungiyar hana haɗurra ta Ingila tana ba da shawarar a bar mita biyu da rabi ba komai ta kowane gefe, wato mai ƙafa 10 yana son fili mita 8 tsawo, 8 faɗi. Fulotin ƙafa 50 da 100 faɗinsa duka bai wuce mita 15 da ɗoriya ba, in an yi gini an fitar da wurin mota, sau da yawa ba a samun haka. Gidajen cikin gari irin na wajen Ƙofar Soro ko Ƙofar Marusa kuwa ba a ma magana. In fili ya yi kaɗan, a sayi ƙarami, kada a matse babba jikin bango. Raga tana turuwa waje idan yaro ya faɗa kanta, don haka ko da raga zai iya buga kai da katanga.

A zagaye wurin a duba rijiya, murfin sokawe, ƙarfen tankin ruwa, murhu, janareto, turken akuya. Sannan a ɗaga kai sama. Masu ƙerawa na neman sarari kamar mita 7: ba reshe, ba igiyar shanya, ba bakin kwanon rufi, uwa-uba wayar wutar da ke shigowa daga fal. Katangar da aka dasa wa fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya a yi nesa da ita.

Siminti da intalok ba wurinsa ba ne. Ƙafafun suna zamewa, ba inda za a kafa turaku, wanda ya faɗo kuma ya faɗo a kan dutse. Ƙasa ake so, ko ciyawa. Alhamdu lillahi yashi ba ya wuya a Katsina: a ɗaye intalok ɗin wurin, ƙafafun su zauna a kan ƙasa mai tauri, a baza yashi mai kauri a kewaye. In wurin ya karkata, a haƙe ɓangaren da ya yi tudu. Kada a tokare ɗaya ɓangaren da bulo, tsalle goma zai ture shi.

Zan iya haɗa shi da kaina?

Mutum biyu sun isa, da safar hannu da takardar da ta zo cikin kwali. A haɗa ƙarfen zagaye da ƙafafu, kada a ɗaure noti tamau sai komai ya zauna. Wurin sifirin ne ake shan wuya. Wanda ya fara maƙalawa a jere yana zagayawa, kafin ya kai rabi shimfiɗar ta janye gefe ɗaya, sauran sun ƙi kaiwa. A sa ɗaya gabas, ɗaya yamma, ɗaya kudu, ɗaya arewa, ana ƙirga ramukan da ke tsakani su zo daidai, sannan a riƙa cikewa, kowane da kishiyarsa. A ja da ƙugiyar da aka bayar, sifirin yana datse yatsa. Soson gefe ya rufe sifirin da ƙarfe gaba ɗaya a ɗaure shi. Ragar da ke kamawa ta cikin da'irar sifirin ta fi wadda ke bayansu. Tsani kuwa, in an gama wasa a ɗauke shi a kulle zif da ƙaramin kwaɗo, don ɗan tatata ba ya neman izini.

Ƙarƙashin gadon ma a tsare shi. Inuwa ce mai daɗi, yara da kaji suna son ta, shimfiɗar kuma tana lotsawa ƙasa da nauyin mai tsalle.

An ce gara a haƙa rami a binne shi daidai da ƙasa.

Yana rage nisan faɗuwa, gaskiya ne. Amma ramin da ba a yi wa magudana ba, a watan Agusta kududdufi ne: sauro, tsatsa, ga kunama da maciji sun sami ɗaki. Kuma bai taɓa matsalar hawa biyu ba.

Yaya zai yi da ranar Katsina da iskar damina?

Rana ce babbar abokiyar gabarsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, baƙar shimfiɗa tana ƙona tafin ƙafa da tsakar rana, soso ya bushe ya dinga marmashewa, raga ta ruɓe tana nan a tsaye kamar lafiyayya. A riƙa jan ta da hannu da ƙarfi, in zare ya tsinke ta gama aiki. Kowa zai so ya kai shi gindin bedi, amma reshe a sama haɗari ne. Dabarar ita ce a kafa shi gabas da itacen ko ginin, da ɗan nisa, yadda inuwar yamma za ta faɗo kansa. Wasa da safe ko bayan La'asar, sauran lokaci a rufe da tamfol.

Hadarin farkon damina, wanda ke yaye kwanon rufi, ɗaukar gadon nan ba komai ba ne a wurinsa. Shimfiɗa da raga suna tare iska, sai ya tashi ya tsallake katanga ya sauka kan motar maƙwabci ko wayar wuta. A kafe shi da turakun ƙarfe masu murɗawa cikin ƙasa da igiya mai ƙarfi. Ƙasarmu rairayi ce, gajeren turke zarewa yake, don haka a ƙara da buhunan yashi a kan ƙafafun. In gabas ta yi baƙi a sauke raga, yara su shiga ɗaki. Ba a hawa a jiƙe, ba a hawa ana walƙiya. Da hunturu kuma yara za su ce yana jan su kamar wuta in sun taɓa ƙarfe. Bushewar iska ce da gogar shimfiɗa, ba ta da illa. A share ƙura, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe.

Akwai abin da ba a hawa da shi?

Takalmi, sarƙa, dogon ɗan kunne, alewa ko cingam a baki. 'Yan mata su cire hijabi da gyale da fil, abin da ya zagaye wuya yana iya maƙalewa a raga ko sifirin. Riga da wando sun fi zane da doguwar riga. A yi tsalle a tsakiya, a tsaya cak sannan a sauko, ba a dirowa ƙasa daga kai, ba a kuma dirowa kansa daga katanga.

Alkafura haramun ce a gadon gida, ko yaro ya rantse ya iya. Saukowa da ka ko da wuya na iya taɓa laka, shanyewar jikin da ke biyo baya kuma sau da yawa ba ta da gyara.

In tsautsayi ya faru fa?

In yaro ya sauko da ka, yana kukan wuya ko ya ce hannu ko ƙafa sun mutu, kada a ɗaga shi, kada a girgiza shi, kada a saɓa shi a babur. A riƙe kansa yadda yake a nemo ma'aikacin lafiya. In dole sai an ɗauka, a kan faffaɗan katako, kai da jiki a miƙe tare. Amai, magagi, suma ko barcin da ba na lokaci ba bayan buguwar kai, asibiti nan take. Ƙaramin targaɗe a sa ƙanƙara cikin tsumma kamar minti 15, a ɗaga ƙafar. Yaron da ya ƙi taka ƙafa ko ya ƙi motsa hannu, a kai shi hoton ƙashi, ko ba kumburi. Na san da yawa wajen mai ɗori za a fara nufa. A yi hoton tukuna, saboda karayar yara kusa da gaɓa tana iya taɓa wurin da ƙashi ke tsawo, ɗauri mai tsanani a kan kumburi kuma yana tsayar da jini. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Na hannu fa, ko wanda mai walda zai ƙera?

Na hannu a duba mahaɗar ƙarfe da ƙasan ƙafafu, nan tsatsa ke fara ci. A ɗaga shimfiɗar sama a gani ko haske na ratsawa, a bi ɗinkin da ke riƙe zobban sifirin ɗaya bayan ɗaya. Soso da raga a ɗauka kawai sababbi za a saya. Mai walda zai iya gyara sandar raga, amma ƙarfen zagayen da ya tsage canza shi ake yi. Sifirin da ya saki ko ya ɓace a maye shi kafin kowa ya sake hawa, kuma a cire ɗaya mai lafiya a tafi da shi kasuwa, don tsawonsu ya bambanta daga gado zuwa gado.