Dokar Title IX da Shugabancin Mata a Kwalejojin Al'umma na Amurka

A shekarar 1969, wata malama mai suna Bernice Sandler, wadda ke koyarwa na wucin gadi a Jami'ar Maryland, ta ga an buɗe guraben aikin koyarwa a sashenta amma ba wanda ya ko dubi takardunta. Da ta tambayi wani abokin aikinta dalili, sai ya ce mata ta cika kaifi da tsayawa kan ra'ayi, abin da a ganinsu bai dace da mace ba. Wannan magana ce ta sa ta shiga tattara hujjoji tana kai ƙarar ɗaruruwan jami'o'i da kwalejoji gaban gwamnatin tarayya, har batun ya isa majalisa, inda 'yar majalisar wakilai Edith Green ta shirya zaman sauraron bahasi a 1970, takwararta Patsy Mink da Sanata Birch Bayh kuma suka tsaya tsayin daka har aka samu doka. Shugaba Richard Nixon ya sa mata hannu ranar 23 ga Yuni, 1972. Ita ce ake kira Title IX, wato babi na tara na gyare-gyaren dokokin ilimi na waccan shekara, kuma bayan rasuwar Patsy Mink a 2002 aka sa wa dokar sunanta.

Yawancin Amurkawa idan suka ji sunan wannan doka wasannin 'yan mata ne ke fara zuwa musu a rai, alhali babu kalmar wasa ko ɗaya a cikin jimlar da ta kafa ta. Jimlar, mai kalmomi 37 a Turance, cewa ta yi ba a yarda a hana wani mutum da ke Amurka shiga wani shirin ilimi, ko a hana shi cin moriyarsa, ko a nuna masa bambanci a cikinsa saboda shi namiji ne ko mace, muddin shirin yana karɓar tallafin kuɗi daga gwamnatin tarayya. Yana da kyau a lura cewa "mutum" aka ce, ba a ce ɗan ƙasa ba, saboda haka matar da ta zo daga Kumasi ko Damagaram ta shiga ajin koyon Turanci na dare a unguwar Bronx ta birnin New York tana ƙarƙashin wannan kariya kamar kowa.

Kwalejojin al'umma, waɗanda adadinsu ya kai kimanin dubu, makarantu ne na shekara biyu da ke karɓar kusan duk wanda ya zo, kuma ana ɗaukar ta Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901, a matsayin mafi daɗewa cikin na gwamnati. A cikinsu ake koyon aikin jinya da walda da gyaran wuta da kanikanci, a cikinsu ne kuma magidancin da bai gama sakandare ba yake komawa aji bayan ya tashi daga aiki. Da wuya a sami irin wannan kwaleji da ba ta taɓa kuɗin tarayya ba, domin ko tallafin karatu na Pell da ɗalibanta ke karɓa ya isa ya shigar da ita ƙarƙashin dokar. Akwai makarantun da aka ɗauke wa sharaɗin wajen ɗaukar ɗalibai, kamar kwalejojin digirin farko masu zaman kansu, amma dokar ta ambaci makarantun koyon sana'a da manyan makarantun gwamnati ƙarara cikin waɗanda ba su da wannan sassauci.

Inda batun ya shafi shugabanci shi ne ɓangaren aiki. An daɗe ana jayayya ko dokar ɗalibai kaɗai take karewa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1982 a shari'ar hukumar ilimi ta North Haven da ke jihar Connecticut, wadda ta samo asali daga wata malama da aka ƙi mayar da ita bakin aiki bayan hutun haihuwa. Kotun ta ce ma'aikaci ma mutum ne a idon wannan doka. Bayan shekara biyu kotun ta rage mata ƙarfi a shari'ar Kwalejin Grove City, inda ta ce sashen da kuɗin ya shiga ne kaɗai dokar ta hau kansa. Majalisa ba ta amince da wannan fassara ba, sai ta yi sabuwar doka da ta fara aiki a 1988 duk da Shugaba Ronald Reagan ya hau kujerar na ƙi, kuma tun daga lokacin, idan ofishi ɗaya ya karɓi kuɗin tarayya to kwalejin gaba ɗayanta ta shiga ciki. Ma'anar wannan ita ce shugabar sashen ilimin manya ba za a ce mata dokar ba ta shafi sashenta ba don kawai kuɗinsa daga jiha ko ƙaramar hukuma yake fitowa.

Ƙa'idojin aiwatar da dokar, waɗanda aka fara fitarwa a 1975, sun shiga har cikin ɗakin tantance masu neman aiki. Mu ɗauka wata mace ta shekara goma tana kula da shirin koyar da sana'o'i, sai ta nemi kujerar mataimakiyar shugaban kwaleji. Kwamitin da ke tantance ta yana da damar ya tambaye ta yadda ta sarrafa kasafin kuɗi, da yadda ta shawo kan masana'antun yankin suka ɗauki ɗalibanta aiki, da dalilin da ya sa wasu suka watsar da karatu. Amma ba shi da hurumin ya tambaye ta ko tana da aure, kuma ƙa'idar ta kai ga hana ko da 'yar tambayar nan ta cikin fom da ke bambanta matar aure da wadda ba ta da aure ta hanyar laƙabin da ake sa wa gaban suna. Haka nan ba a yarda a ƙi ɗaukarta ko a hana ta ƙarin girma don tana da juna biyu ba, ko a tallata wani muƙami a matsayin na maza, ko a biya ta ƙasa da takwaranta namiji a kan aiki iri ɗaya. A ganina wannan ɗan sharaɗi na fom ya fi dogayen jawabai nuna yadda masu rubuta ƙa'idar suka san inda ake yi wa mata tarko, domin sau da yawa ba a fito fili a ce mace ba ta cancanta ba, sai dai a ce ai mai gida da yara ba za su bar ta ta riƙa halartar taron dare ba.

Shekarar 1972 ta kawo wasu gyare-gyare biyu da suke tafiya tare da wannan. Dokar haramta bambanci a wurin aiki ta 1964, wadda aka sani da Title VII, da farko ba ta shafi malaman makarantu ba, sai a wannan shekara aka cire togaciyar. Dokar daidaita albashi ta 1963 kuma ba ta haɗa da manyan jami'ai da ƙwararru ba, sai a cikin gyare-gyaren da suka haifi Title IX aka shigar da su, wato daidai rukunin da shugabannin sassa suke ciki.

Daga baya dokokin kuɗin koyon sana'a sun bi wannan sawu. Dokar horar da ma'aikata ta 2014, wadda ake taƙaita sunanta da WIOA, ita ce ke ba jihohi kuɗin ilimin manya ga masu shekara 16 zuwa sama da ba sa makarantar sakandare, kuma sashe na 188 nata ya haramta bambancin jinsi a shirye-shiryen horon aiki da take ɗaukar nauyi, har da wajen ɗaukar masu gudanar da su. Dokar Perkins da aka sabunta a 2018 kuwa ta sa jihohi su riƙa ba da rahoton yawan ɗaliban da suka shiga sana'o'in da jinsinsu bai kai kashi 25 cikin ɗari na ma'aikatansu ba, kamar mace a walda ko namiji a jinya. Wannan ƙidaya tana da alaƙa da shugabanci ta hanya mai sauƙi, domin daga cikin malaman koyar da sana'a ake samun shugaban sashe, malamin sana'a kuma daga cikin waɗanda suka koyi sana'ar yake fitowa.

Sai dai dokar tana da iyaka, kuma ita da kanta ta faɗi iyakar. Ta ce kada a fassara ta da cewa dole makaranta ta fifita wani jinsi don kawai an ga adadinsa ya yi ƙasa, ko da yake ana iya gabatar da ƙididdigar a matsayin hujja a wurin shari'a. Saboda haka babu wani kaso na kujeru da aka ware wa mata, kuma kwamitin amintattu da ke naɗa shugaban kwaleji yana iya zaɓar namiji sau goma a jere ba tare da ya karya doka ba, in dai ba a iya nuna cewa jinsi ne dalili ba. Mata sun fi maza yawa a cikin ɗaliban kwalejojin al'umma, amma binciken Majalisar Ilimi ta Amurka na 2023 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na shugabannin manyan makarantun ƙasar mata ne, duk da cewa kwalejojin shekara biyu sun fi jami'o'i yawan shugabanni mata.

Wadda take ganin an zalunce ta tana da hanyoyi. Kowace kwaleji dole ta naɗa jami'in da ke kula da bin wannan doka, ta kuma wallafa yadda ake kai koke. Ana iya kai ƙara ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Ilimi cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru, kuma ko da yake babban makamin ofishin shi ne yanke kuɗin tarayya, galibi da yarjejeniyar gyara ake rufe magana. Tun hukuncin 2005 a shari'ar wani kocin 'yan mata a Birmingham ta jihar Alabama, wanda aka cire daga koci bayan ya yi ƙorafin ana tauye ƙungiyarsa, ramuwar gayya a kan mai kai koke ita ma laifi ce a ƙarƙashin dokar. Game da zuwa kotu kai tsaye kuwa, kotunan ɗaukaka ƙara sun sha bamban kan ko ma'aikaciya za ta iya neman diyya da Title IX ko sai ta bi ta Title VII, shi ya sa lauyoyi kan shawarci mace ta fara shigar da koke gaban hukumar daidaita damar aiki ta tarayya, wadda wa'adinta kwana 180 ne, ko 300 a jihohin da ke da irin wannan hukuma tasu.