Mene ne modul a karatun jami'a ta intanet?

Duk ɗalibin da ya ɗauki wani kwas ta intanet a Ngaundere, Marwa ko Garwa da ke arewacin Kamaru ya saba da saƙon nan da ke faɗowa a zauren WhatsApp na aji: an buɗe modul na uku, za a rufe ranar Lahadi da sha biyun dare. Kalmar daga Faransanci ta shigo bakinmu, ta kuma zauna daram, sai dai ba kowa ke nufin abu ɗaya da ita ba. Wani malami babi yake nufi, wani mako, wani kuwa tulin takardun PDF da ya loda ya kama gabansa.

A wurin masu tsara karatu, modul ƙunshin darasi ne mai cin gashin kansa. A cikinsa akwai abin da ake so ɗalibi ya iya idan ya gama, da abin da zai karanta ko ya saurara, da aikin da zai yi da hannunsa, da gwajin da zai nuna ko ya iya ɗin, sannan an ƙiyasta sa'o'in da duk wannan zai ci masa. In babu aiki babu gwaji, to babi ne aka sauya wa suna. Wanda ya yi makarantar allo ba baƙon wannan tsari ba ne: a rubuta masa daidai abin da zai iya ɗauka, ya yi ta biyawa, ya kawo gaban malam, sai malam ya gamsu sannan ya wanke allon a ɗora masa na gaba. Ba cikar mako ke sa a wanke allo ba, iyawa ce.

Ana yawan rikita modul da UE, wato rukunin darussan da ɗalibi ke gani a takardar sakamakonsa. UE ɗan tsarin LMD ne, lisans da masta da dokta. Tsarin ya samo asali daga sanarwar Bologna ta 1999, wadda ministocin ilimi na ƙasashen Turai 29 suka sa wa hannu. Shugabannin ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, ciki har da Kamaru da Cadi, sun amince su bi wannan hanya a Libreville a 2005, jami'o'in Kamaru kuma suka fara aiki da shi a 2007. Ke nan Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 da ta Garwa da aka kafa a 2022 a cikinsa suka buɗe ido. Da kiredi ake auna nauyin karatu a wannan tsari: zangon karatu guda kiredi 30 ne, lisans kiredi 180 a shekara uku, masta kuma ƙarin 120. UE ɗin da ka ci ya zama naka, ko da ka faɗi wasu ba za ka maimaita shi ba. Akwai makarantun da ke kiran UE ɗin kansa modul, amma a kwas na intanet yawanci modul yanki ne a cikinsa: UE guda, modul huɗu ko biyar ko shida.

Abin da ya haɗa modul da UE shi ne lissafin lokaci, kuma nan ne malamai da yawa ke zamewa. Kiredi ba sa'o'in zama a ɗakin lacca kaɗai yake ƙirgawa ba, duk wahalar ɗalibi yake aunawa, da karatun ɗaki da rubuta aiki da shirin jarrabawa. A Turai kiredi guda sa'a 25 zuwa 30 ne. Mu ɗauki 25 don misali. UE mai kiredi 4 zai ci sa'a 100. A raba shi modul biyar, kowanne sa'a 20, in an ba shi mako biyu sa'a 10 ke nan a mako. Yanzu ka tuna wanda ke ɗaukar irin wannan kwas: malamin firamare a Yaguwa, ma'aikaciyar asibiti a Kusiri, mai shago a Njamena. Ba su da sa'a 10 ta banza, daga barcinsu suke yankowa. Malamin da ya zuba shafi ɗari biyu a modul na mako biyu, ya ƙara da bidiyo takwas, bai tsananta don a koya ba, lissafi ne bai yi ba. Kuma UE ɗinsa ba shi kaɗai ɗalibin ke ɗauke da shi ba.

Gwanayen wannan aiki daga ƙarshe suke farawa. Kafin malami ya buɗe tsohon polikop ɗinsa, wato takardun darasin da yake raba wa ɗalibai, sai ya amsa tambaya guda: me ɗalibin zai iya yi ranar da ya rufe wannan modul wanda ba ya iyawa ranar da ya buɗe shi? A ce kwas ne na ƙididdiga ga ɗaliban aikin gona. "Ɗalibi zai fahimci matsakaici" ba amsa ba ce, don ba a ganin fahimta da ido. Amsa ita ce: a ba shi nauyin audugar da gonaki talatin suka bayar, ya fitar da matsakaicin abin da eka ke bayarwa, ya kuma faɗi dalilin da ya sa gona ɗaya mai yabanya ta musamman za ta iya ruɗar da lissafin. Da zarar an rubuta wannan, gwajin ya rubuta kansa. Daga gwajin a san aikin da za a ba shi ya gwada hannu, daga aikin a san bayanin da yake bukata. Duk abin da ke cikin polikop wanda bai yi wa wannan manufa hidima ba, sai ya jira wani modul ko ya koma karatun ganin dama. Nan ne abin ke yi wa malami zafi, domin sau da yawa shafukan da ya fi alfahari da su ne ake cirewa.

A wasu ƙasashe ana son modul don sauƙi. A arewacin Kamaru larura ce. Wutar Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo mai ƙarfin megawat 72, kuma in ruwa ya ja baya da rani kowa ya san yadda dare ke kasancewa a unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafi, ba su kashe matsalar ba. Ga tsadar mega, ga sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Laccar sa'a biyu kai tsaye ta bidiyo, wanda wayarsa ta mutu a minti na ashirin ya yi asararta gaba ɗaya. Modul da aka tsara da kyau kuwa, ɗalibi ya sauke shi lokacin da ya sami wuta da sabis, ya yi aikinsa a hankali, in ya ɓace kwana uku ya dawo ya tarar da inda ya tsaya. A ganina wannan ne ma'aunin da ya kamata mu riƙa auna kowane modul da shi a nan.

Mun ga bambancin a 2020. Da aka rufe makarantu ranar 18 ga Maris saboda korona, abin da ɗalibai da yawa suka samu shi ne polikop ta WhatsApp, ba manufa, ba aiki, ba mai dubawa, har aka koma aji a farkon Yuni. Alhali tun ƙarshen 2017 aka fara raba kwamfutoci 500,000 da gwamnati ta yi wa ɗalibai alkawari a 2016. Na'ura ta iso hannu, tsarin darasi ne bai iso ba.

Gajarta ma tana da hujja. Wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014, bayan sun duba kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a dandalin karatu ta intanet na edX, ya nuna cewa galibin masu kallo ba sa wuce minti shida komai tsawon bidiyon. Mu kuma muna da ƙarin dalili na aljihu: sautin murya na minti goma bai fi mega biyar ba in an matse shi daidai, rubutu kuwa ko mega ɗaya ba lallai ya kai ba. Moodle, manhajar kyauta da Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002 wadda jami'o'i da dama ke amfani da ita, tana ba ɗalibi damar sauke darasi a waya ya yi aiki ba intanet, ta aika in sabis ya dawo. Tana kuma iya kulle modul na gaba har sai an ci gwajin na baya.

Amma kada a yi wa modul kirarin da ya fi ƙarfinsa. Masu tallarsa kan ce ana iya ciro shi daga wannan kwas a dasa a wancan, ko ɗalibi ya fara ta inda ya ga dama. Wani lokaci haka ne: modul kan yadda ake kawo madogara a rubutun bincike zai yi wa ɗan tarihi da ɗan likitancin dabbobi aiki iri ɗaya. A ƙididdiga ko nahawu kuwa, na uku a kan na biyu yake zaune, ba ya ɗaguwa. Babban haɗarin shi ne ɗalibi ya ci gwaji biyar, kowanne da maki mai kyau, amma in an ajiye masa matsalar da ke bukatar biyar ɗin a haɗe ya tsaya yana kallo. Ya koyi cinyewa da mantawa. Maganinsa aiki guda ne mai ratsa kwas ɗin daga farko har ƙarshe: alkaluman gonakin nan talatin su bi shi, a modul na farko ya tattara su, a na biyu ya taƙaita, a na huɗu ya kwatanta ƙauye da ƙauye, a na ƙarshe ya rubuta rahoton da manomi zai iya amfana da shi.

Sai batun wanda ke riƙe da wayar. Gwajin cikin modul, mai zaɓen amsa da na'ura ke dubawa nan take, don koyo aka yi shi, kuma kowa ya san ana tura amsoshi a zaure kafin malam ya tashi daga barci. Shi ya sa bai kamata a ɗora masa maki mai nauyi ba, gara a bar ɗalibi ya maimaita shi har ya iya. Makin da zai ba da kiredi sai a ajiye shi ga aikin da ba ya kwafuwa da kuma jarrabawar ido da ido. Haka hukumar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, AUF, ta saba yi a kwasa-kwasanta na nesa: karatu a gida, amma ranar jarrabawa ɗalibi ya zo cibiyarta da katin shaida ya zauna gaban mai sa ido.