Daɗewa a kan genaj ba shi ne ƙarfi ba

Samarin Garwa masu zuwa terren, wato filin wasa, da asuba sun daɗe da wani zance, wai wanda ya fi daɗewa a kan genaj, wato ka kafa gwiwar hannu da yatsun ƙafa a ƙasa jiki a miƙe sambal, shi ya fi kowa ƙarfi. To ba haka ba ne fa 'yan uwa. Abin da genaj ke aunawa juriyar naman ciki da na baya ne, kuma nauyin jikinka kawai kake riƙewa, shi ya sa siririn yaro zai yi minti 4 yana dariya, ƙaton ɗan dako da ke ciccibar buhun masara a babbar kasuwa kuwa minti 1 ya fara karkarwa, to yanzu tsakani da Allah wa ya fi wani ƙarfi? A 2023 wani mutumin ƙasar Cek ya haura awa 9 a kai, ba wanda ya ce ya fi masu ɗaga ƙarfe.

Genaj na da amfani, ban ce a bari ba. Amma in ƙarfi kake son aunawa sai a duba nauyin da kake ɗagawa daga ƙasa, da wanda kake turawa, da kuma riƙon hannunka.