Yadda dalma da kadmiyam ke shiga jikin tsiro: tambayoyi da amsoshi

Tsiro ya san guba ne har yake zuƙar ta?

Bai sani ba. Saiwar tsiro tana da ƙananan ƙofofi, kowace da abincin da take shigarwa: wata ƙarfe, wata tutiya, wata manganis. Ƙarafa masu guba sun yi kama da waɗannan, sai su saje da su, su bi ƙofar da ba tasu ba. A shinkafa, kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, ta ƙofar manganis yake kutsawa. Asanik kuwa, wata gubar ta daban, in ruwa ya kwanta a gona, yakan bi hanyar silika, sinadarin da ke cikin yashi, wadda shinkafa ke sha da yawa don karanta ya yi ƙwari. Shi ya sa shinkafa ta fi sauran hatsi ɗaukar asanik, matsalar da ake fama da ita a Bangaladash.

To, in ya shiga, ina yake zuwa?

Nan ne ya kamata a tsaya a lura. Tsiro yakan ɗaure ƙarfen da wasu sinadarai, ya jefa shi cikin ɗan rumbun da ke cikin ƙwayoyin halittar saiwa. Dalma galibi a nan take maƙalewa. Kadmiyam shi ne mai ƙafar yawo: yana shiga jijiyoyin da ke hawa da ruwa zuwa ganye, ruwan ya bi iska, ƙarfen ya zauna. Wata jijiyar kuma, mai kai abinci ga ƙwaya, ta sauke shi cikin hatsi. Haka ya faru a Toyama ta Japan, inda ruwan mahaƙar Kamioka ya gurɓata kogin Jinzu da ake ban ruwan shinkafa da shi. Ƙodar mutanen yankin ta lalace, ƙashinsu ya yi laushi, har aka sa wa cutar suna itai-itai, wato wayyo-wayyo. Sai a 1968 gwamnati ta amince kadmiyam ne sila.

Akwai tsirran da ke tarawa da gangan?

Akwai, kusan nau'i 700, yawancinsu ƙarfen nikel suke tarawa. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke tekun Pasifik akwai bishiyar da in an sare ta ruwa shuɗi-kore ke fita, wanda in ya bushe kusan kashi 25 cikin 100 nikel ne. Masana da dama na ganin kariya ce daga ƙwari. A Albaniya ana noma irin waɗannan, a ƙona, a ciro nikel daga tokar.

Ta wannan hanyar dalmar Zamfara ta shiga jikin yara?

A'a. A 2010, a Anka da Bukkuyum, ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da dalma da ake niƙawa cikin gidaje ce ta kashe yara sama da 400. Ƙasa suka haɗiya, da abincin da ƙurar ta taɓa. Shi ya sa cire saman ƙasar aka yi maimakon shuka tsirrai masu tarawa, domin tsiro ba ya kwashe dalma da sauri, yaro kuwa ba zai jira ba.

Wanke ganye yana magani?

Yana cire ƙurar da ke kai, kuma lallai a wanke. Amma abin da ya hau ta jijiya ruwa ba ya fitar da shi, dafuwa ma haka. Alayyafo da latas sun fi tumatir tara kadmiyam, musamman a ƙasa mai tsami. Mai lambun da ke ban ruwa da ruwan masana'anta ko na majema, ya kai ruwan da ƙasar a gwada kafin ya shuka ganye.